Hannun Mai Faci

Shekara tara ina faci a Ƙofar Ƙaura,
tafin hannuna ya koma bayan kunkuru,
baƙin taya ya yi gida a ƙarƙashin farce.
Ranar da na ce zan shiga makarantar tausa
Sagiru ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi:
"Tausa ma sai an yi mata aji?
Kakata ba ta san bihim ba,
amma ta miƙe wuyan rabin Rafindaɗi."

Ban tanka ba. Na je na yanki fom.

Ranar farko Malam Zayyanu bai buɗe littafi ba.
Ya ce kowa ya shimfiɗa hannu bisa tebur.
Ya zo kaina ya tsaya, ya daɗe,
ya ce, "Wannan hannu ya san aiki,
saura ya san mutum.
Yanke farce. Man kaɗanya safe da dare.
Kuma kada ka taɓa kowa sai ka nemi izini,
ko da ƙaninka ne."

A kusurwar aji akwai ƙwarangwal na roba,
muka raɗa masa suna Alhaji Shiru.
A jikinsa na ƙirga ƙashi ɗari biyu da shida,
na haddace sunayen tsoka da Turancin likita
mai karya haƙori kamar tsakuwa a shinkafa.
Na koyi inda ake dannawa,
na koyi inda ba a dannawa ko an haɗa ka da Allah:
ƙafar da ta kumbura ta ɗau zafi,
sabon targaɗe, ƙashin da ake shakka.
Waɗannan ba naka ba ne,
nuna musu hanyar asibiti.

Da, in ina neman huji a tif,
sai in tsoma shi a ruwa in jira kumfa.
Mutum ba a tsoma shi.
Numfashinsa ne kumfar:
inda ya ɗauke, nan ciwon ya laɓe.

Aka ba mu littafin awoyi,
ɗari uku kafin a zauna jarrabawa,
kowace awa da sa hannun wanda ka yi wa.
Na yi wa 'yan ƙwallon unguwa,
na yi wa direbobin Jibiya masu ƙugun katako,
na yi wa Sagiru ma.
Da dare ya zo, dafe da kwankwaso,
wannan karon bai zo da dariyar ba.

Saura layi ɗaya.

Baba, shekara arba'in duƙe kan keken ɗinki,
tun da na yi wayo jikina bai taɓa nasa ba,
gaisuwarmu daga nesa, a tsugune.
Bayan isha'i na ce, "Baba, in taɓa kafaɗarka?"
Ya ce, "Mi za ka gano ciki wanda ban sani ba?"
Sai kuma ya tuɓe riga.

Ashe ya rame.
Ƙarƙashin allon kafaɗar dama
na iske ƙulli kamar na igiyar guga,
sunansa na Turanci ya gudu daga kaina.
Na ɗora yatsa. Numfashinsa ya ɗauke.
Na tsaya, na jira,
na jira,
har ya sauke shi a hankali
kamar mai ajiye tulu cike da ruwa.
Kafin in kai wuya ya yi barci,
na ji nauyin tashinsa don sa hannu.

Da asuba na tarar da littafin bisa tabarmata,
Mu'azu, da ajami,
ya cinye layi biyu.

An yi jarrabawa, an ce mun ci.
Lambar rajista dai har yau sai gobe, sai jibi,
bangon shagon da na kama yana jira da ƙusarsa.
Baba bai taɓa tambayar takardar ba.
Amma kullum bayan isha'i
sai in ji yana gyaran murya a zaure,
ya riga ya ninke rigar ya ajiye gefe.